Na Tafi da Ajuji, Na Dawo da Jiwan

Shekarar da kogi ya cika ya haura har ya cinye shinkafar mutanen Lajawa, to ita ce shekarar. Malam, mai gidana, bai daɗe da rasuwa ba, don ban jima da fita takaba ba. Cutar nan da ta sa aka rufe masallatai da kasuwar shanu ba ta zo ba tukuna, sai da jikana da zan ba ku labarinsa ya fara gudu da ƙafarsa. A wannan shekarar ce ni Tabawa, haifaffiyar Wudil, wadda ko Kaduna ban taɓa takawa ba, na je ƙasar Indiya na dawo.

Ba don alfahari nake ba da labarin nan ba, ko da yake in na yi ma ba laifi na yi ba. Abin da ya tayar da ni, ran Juma'ar da ta wuce jikana ya shigo gida, na ce, "Jiwan, zo ka karɓi ƙosai." Ya wuce kamar da bango nake. Na ce, "Kai maigida, yau kuma yaji ka yi mini?" Sai ya tsaya, kansa a ƙasa, ya ce, "Iya, ki daina kirana da wannan sunan. Gwaggo Asabe ta ce sunan gunki ne, a fim kuka tsinto shi."

Asabe yayar ubansa ce. A gidan suna ta faɗa, can Kausani, a gaban mata da yara, har yaran suka bi shi suna cewa ɗan Indiya ya taka musu rawa. A fim! Ni da ban taɓa zama na kalli fim ba tun da uwata ta haife ni. Asabe tana kwance a ɗakinta tana shan fura lokacin da nake ƙasar mutane ina haɗiyar wulaƙanci saboda yaron nan, shi ne yau take da bakin magana a kan sunansa. To bari a ji inda sunan ya fito.

Hajara ita ce autata, kuma wabi take yi. Ta fari mace ce, ba ta kai suna ba. Na biyu namiji, muka sa masa Mantau yadda ake yi wa ɗan wabi, don mutuwa ta manta da shi. Yana fara rarrafe ya koma. Ana nan mijinta, wanda ba zan faɗi sunansa ba tunda surukina ne, ya samu ƙarin karatu a Indiya, ya tafi da ita, ya ce ko likitocin can za su gane abin da ke faruwa. Da ciki na uku ya fara girma suka aiko in je. Na haɗa gero, daddawa, kuka, kanwa, kilishi, yajin jego, da kayan jariri da na ɗinka da hannuna. Sai wani ɗan ƙulli da ban gaya wa kowa ba, na sa shi a lalitata: tokar jujin bayan gidanmu. Na riga na yanke cewa in namiji ne Ajuji za a kira shi. Tunda ba zan samu jujin gida in kwantar da shi a kai ba, yadda aka yi wa ɗana na uku ya rayu, sai in kai masa jujin inda yake.

Zango na farko, filin jirginsu. Wasu masu kaki suka buɗe jakata suka baje kayana a kan tebur kamar 'yan gwanjo. Ɗaya ya ɗauki daddawa ya sansana, ya yi baya kamar an mare shi. Kanwa kuwa suka taru a kanta suna juyawa, suna kallona, har da kiran wani babba. Na ce, "Ku lasa mana, kanwa ce, ko ƙasarku ba a shan kunu?" Ba mai jin Hausa. Suka riƙe kanwar, suka riƙe kilishin. Kanwar na yafe. Kilishin nan kuwa har gobe ina cewa wani ne ya kai wa iyalinsa.

Zango na biyu shi ne wanda har yau ban yafe ba. Surukina ya kai Hajara awo ranar, sai ya roƙi wani ɗan ƙasarmu da ke harkar kai marasa lafiya asibiti ya tarye ni. Bala sunansa, yana kiran kansa Alhaji. Ya zo da fara'a, ya durƙusa har ƙasa.

"Sannu da hanya, Baba. Ina gajiya? Ya mutanen Wudil? Ai ni ma kakata 'yar Achika ce."

Na ji sanyi a raina. Muka shiga adaidaita, irin tamu sak, ashe can ne mahaifarta. Muka yi ta tafiya cikin hayaƙi da ƙarar oda, har muka zo ƙarƙashin wata gada. Ya ce, "Baba, sauka ki ɗan zauna nan, layin gidan ba ya shiguwa da kaya, bari in kai babbar jakar in dawo in ɗauke ki. Kawo wayar ma in sa miki layin ƙasar nan." Na ba shi. Wa zai ƙi ba wa jikan 'yar Achika?

Tun hantsi nake zaune a kan ƙaramar jakata har rana ta karkata. Gero ya tafi, kayan jariri sun tafi, zannuwana sun tafi. Daddawa da kuka da yaji ne kaɗai suka tsira, don suna cikin ƙaramar. Mutane suka yi ta wucewa suna kallona kamar an sauke raƙumi a tsakiyar kasuwa. Wasu samari suka zo suka tsaya gefena suna ɗaukar hoto da ni ba sallama ba neman izini. Wata yarinya ta shafa hannuna ta duba yatsanta, ta ga ko baƙin zai fita. Na ce, "Ba shuni ba ne, 'yar nema, haka Allah ya yi ni, kuma ya fi naki kyau." Ban yi kuka ba. Ni ba na kuka a titi.

Wani mai shayi da ke gefen gadar ne ya miƙo mini shayi a ɗan ƙoƙon yumɓu, bai nemi komai ba. Can da la'asar wani dattijo mai gemu da hula ya wuce, ya dawo, ya ce, "Assalamu alaikum." Wallahi tunda nake ban taɓa jin daɗin sallama irin na ranar ba. Na nuna masa lambar surukina da ɗana ya rubuta mini a gefen hijabi. Shi ya kira. Bala kuwa ba a sake ganinsa ba. Indiyawa sun kalle ni, sun yi mini dariya, amma wanda ya cuce ni da Hausa ya gaishe ni.

Zango na uku, gidan haya. Surukina ya ce sai da ya zaga gari kafin ya samu wannan, ko'ina da sun ga fatarsa sai su ce ɗakin an kama. Wata tsohuwa ce kaɗai ta yarda, ta ba su ɗaki a can saman bene. Mijinta ya mutu, don haka farin zane kawai take ɗaurawa, haka al'adarsu take. Sunanta ya fi ƙarfin bakina, sai na sa mata Mai Farin Zane. 'Yar ƙanƙanuwa ce, busasshiya, amma muryarta ta fi ta mai tallan kifi. Sharaɗinta: ba nama a gidanta, ba kifi, ba ƙwai. Ni 'yar bakin kogi, a ce ba kifi! Ga shanu nan a titi suna yawo ba makiyayi, suna cin leda, mota tana kauce musu, ba mai su, ba mai yankawa. Na ce da 'yan kasuwar Juma'a za su ga wannan asarar, da sun yi kuka da hawaye.

Kashegari na ce bari in yi wa 'yata miyar kuka ta ji ƙamshin gida. Ina jefa daddawa sai ga Mai Farin Zane ta hauro bene, ta toshe hanci da gefen zane, tana zuba faɗa. Ta buɗe tukunyata! Tukunyar da na ɗora da hannuna, wata ta zo ta buɗe tana neman nama ko mushe a ciki. Na miƙe. Ta yi da yarenta, na yi da Hausa, kuma ina tabbatar muku kowacce ta fahimci 'yar uwarta. Surukina yana tsakiya yana cewa, "Iya, ki yi haƙuri, cewa take wai warin ya sauka har wajen ibadarta." Na ce, "Gaya mata ni ma hayaƙin turarenta na gumaka yana hawowa har kan dardumata, ban sauka na buɗe mata komai ba." Ban san abin da ya gaya mata ba, na dai san gajere ne ƙwarai.

Daga ranar muka ƙulla. In na taka tsakar gidanta sai ta yayyafa ruwa a wurin. Ni kuma in ta taɓa ƙofarmu sai in ɗebo ruwa in wanke tana gani. A saman rufi nake wuni, birai suna yawo a katanga, ɗaya ma ya sace mini ƙullin yaji. Kiran salla sai in iska ta juyo nake jinsa can ƙasa-ƙasa. Na yi kewar fura, na yi kewar gaisuwa. Mutum ya wuni ba wanda ya tambaye shi ina kwana, ina gajiya, ya aka ji da haƙuri. Abu ɗaya na gani na sani a garin nan, wata darbejiya a bayan gidan. Ranar da na gan ta saura kaɗan in gaishe ta.

Zango na huɗu, asibiti. Naƙuda ta zo wa Hajara ciki yana wata bakwai. Suka yi mata aiki suka ciro namiji, bai fi tafin hannuna biyu ba, fatarsa kamar ta ɗan tsako. Ko taɓa shi ban yi ba suka sa shi a kwalba, ga robobi a hanci, ga robobi a hannu. Na ce a ba ni mabiyiya in binne. Suka kalli juna. Wai sun zubar. Sun zubar! Abin da a gida ake wankewa a haƙa rami a binne da addu'a, su sun haɗa da shara. Na ce wa surukina, "Wannan wace irin ƙasa ce? Saniya tana da daraja, mabiyiyar ɗan Adam ba ta da ita?" Shi dai ya samu suka bar shi ya sa bakinsa a wata 'yar kafa ta kwalbar ya yi wa yaron huɗuba. Likita ya ce ba zai yi alkawari ba. Ruwan nono kuma ya ƙi zuwa wa Hajara. Gero yana hannun Bala, kanwa tana hannun masu kaki, da me zan dama kunun jego?

Na koma gida ni kaɗai. Mai Farin Zane tana bakin ƙofa. Ta kalli bayana ba ta ga Hajara ba. Ta haɗa hannuwa kamar mai rungume da jariri, ta ɗaga gira. Ban yi niyyar kula ta ba, amma sai na ga na nuna mata girmansa da tafin hannuna, na zana mata akwati a iska, na taɓa ƙirjina na girgiza kai, wato babu nono. Ranar ba ta yayyafa ruwa ba.

Da safe na buɗe ƙofa na tarar da faranti, an jera wasu dunƙule-dunƙule kamar dawo. Na ce wa surukina, "Tambayo ta, in an kai wa gumaka ne ba ma ci." Ya dawo ya ce a'a, ta ce daga wuta sai ƙofarmu, ƙaro ne da alkama da man shanu da 'ya'yan itace, abin da suke ba maijego ke nan. Ƙaro dai irin namu. Sai da na fara ci na ji bai yi mini komai ba, sannan na kai wa Hajara. Ba a daɗe ba nono ya zo. Ban ce ita ta kawo shi ba, Allah ne ya kawo. Amma farantin nan bai fasa zuwa ba ko safiya ɗaya.

Ranar suna, a Wudil aka yanka rago, mu muna kan bencin asibiti muna ji ta waya. Aka raɗa masa Ibrahim, sunan kakansa na wajen uba. Kun ga ke nan Hajara ba za ta iya faɗin sunan ba, sunan surukinta ne, dole a nemo na kira. Mai Farin Zane ta biyo mu ranar ba wanda ya gayyace ta, ta zauna a ƙarshen benci da farantinta. Hajara tana kan keken marasa lafiya, ta rame, idonta ya faɗa. Sai na kwance ƙullina.

Na ce wa surukina, "Ka roƙar mini malamar nan ta bar ni in ɗan shafa masa wannan a tafin ƙafa. Tokar jujinmu ce. Ajuji za a kira shi."

Malamar asibitin ta ga toka ta yi tsalle kamar ta ga maciji. Ban damu da ita ba. Mai Farin Zane ce ta matso ta tambayi mene ne. Surukina ya yi mata bayani: ana sa wa ɗan wabi sunan abin banza, a nuna ba a damu da shi ba, don abin da ke ɗaukar 'ya'yan ya raina shi ya wuce.

Sai matar nan ta miƙe. Na sha ganin faɗanta, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Tana nuna ni da yatsa, tana nuna ɗakin kwalba.

Na ce, "Me take cewa? Kuma kar ka rage, na san halinka."

Ya ce, "Iya, cewa take su ma suna yi. Ta ce ita ma ta binne biyu. Da ta haifi na uku uwar mijinta ta sa shi a faifai ta ja shi a ƙasa har bakin shara, aka sa masa suna Shara da yarensu. Ta ce shekara huɗu tana kiran ɗanta Shara, zo ka ci abinci, Shara, zo ka kwanta. Ya mutu duk da haka. Ta ce abin da ke cinta har yau ba mutuwar ba ce, yaron ya tafi bai taɓa jin uwarsa ta kira shi da suna mai daɗi ba."

Na ce, "Gaya mata nawa Ajujin yana nan da ransa, direba ne, 'ya'yansa sun fi a ƙirga da hannu ɗaya. Ita wace ce da za ta zo ta koya mini goyo? Jikana ne ko nata?"

Ya gaya mata. Ta mayar. Na mayar. Mutane suka fara taruwa. Sai muka ji muryar Hajara, ƙasa-ƙasa.

"Iya."

Na ce, "Ke yi shiru, ba ki da lafiya."

Ta ce, "Iya, ki yafe ni, ban taɓa musa miki ba. Amma kun ce in kira wancan Mantau, na kira. Kun ce kar in yi masa wasa a gaban mutane, kar in sa masa kaya masu kyau, ban sa ba. Ya tafi da tsumma a jikinsa. Wannan ko kwana nawa Allah ya ba shi, ba zan ce masa juji ba. Na gaji da yin kamar ba na son 'ya'yana."

Na tsaya da toka a hannu. 'Yar da na haifa, a gaban miji, a gaban baƙuwa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma uwa ce ta yi magana a kan ɗanta, kuma ban ga inda ta yi ƙarya ba.

Hajara ta juya ta tambayi tsohuwar da ɗan Turancinta, in da za a dawo mata da nata, me za ta kira shi? Matar ta ce, "Jiwan." Ta ɗora hannu a ƙirji, ta ja numfashi ta sauke, ta sake ja, don mu gane. Surukina ya ce, "Rai ke nan, Iya. Rayuwa."

To a nan ne nake so Asabe ta buɗe kunne. Ita a tsammaninta ni sakarya ce, za a liƙa wa jikana suna in karɓa ido rufe? Da muka koma gida na kama hannun Mai Farin Zane na ja ta har lungun da take jera gumakanta. Ban shiga ba, daga bakin ƙofa na tsaya. Na nuna na farko, na ce, "Wannan fa?" Ta faɗi sunansa. Na nuna mai hancin giwa, ta faɗa. Na nuna mai hannuwa da yawa, ta faɗa. Har muka ƙare su kaf. Babu Jiwan. Ta gane abin da nake nema, ta yi dariya har tana riƙe ciki, ranar na fara ganin haƙoranta.

Ban tsaya nan ba. Na sa surukina ya kai ni unguwar Musulmi, wajen dattijon nan da ya tsince ni a ƙarƙashin gada, ashe ladan ne a wani ƙaramin masallaci. Na ce a tambaye shi tsakaninsa da Allah. Ya ce kalmar ta fito ne daga wani tsohon harshe na ƙasarsu, Sanskirit, wanda ba a ciniki da shi a kasuwa yanzu, sai a littattafan da, amma yawancin yarukansu daga jikinsa suka tsiro. Ya ce tushenta jiw, wato a rayu, a yi numfashi. Daga nan aka samu jiwan: rai, da zaman duniya, da abin da ke riƙe da rai, har ruwa ma mutanen da sukan kira shi haka, tunda sai da shi ake rayuwa. Ya ce ba sunan abin bauta ba ne, kalma ce da kowa ke faɗa, mai salla da marar salla. Ya ce, "In da Larabci ne, Hayatu za ku ce." Na ce to, Hayatu dai muna da su a Wudil. Mijin Asabe ma, Allah ya ji ƙansa, Hayatu ne, ta zauna da shi har ya mutu ba ta ce gunki take aure ba.

Tokar kuwa, na je gindin darbejiyar nan na zuba. Na ce tunda ke ma daga ƙasar nan kika je mana baƙuwa muka riƙe ki, ki riƙe mini wannan.

Yaron ya daɗe a kwalba. Kullum Hajara sai ta sa baki a 'yar kafar nan ta ce, "Jiwan, Jiwan, ga ni." Ni na ɗau kwanaki ban faɗa ba, sai in ce yaron nan. Ranar da suka cire masa robar hanci suka ce a ɗora shi a ƙirji ya ji ɗumi, Hajara tana zazzaɓi, ni aka ɗora wa. Na ji ɗan ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka a kan nawa, yadda tsohuwar nan ta nuna mana a benci. Ba wanda ya ce in faɗa. Na faɗa.

Da aka sallamo su, kuma likita ya ce ɗinki ya kama, na ce saura wankan jego, ko Indiya ko bangon duniya sai an yi. Ina tunanin inda zan samu tukunya, sai ga Mai Farin Zane tana jan wata ƙatuwa ta tagulla a matakala, da damin ganyen darbejiya a ka. Ashe su ma da shi suke wanke maijego. Mu biyu muka yi ta yi a saman rufi. Ta ce ruwana ya cika zafi, na ce nata na wankan kaji ne. Ita take murza yaron da mai, tana miƙe masa ƙafafu. Ta ɗiga masa baƙin kwalli a goshi saboda baki, na bari, mu ma muna yi. Ranar da ta zo da jan abin nan nasu na ibada da suke shafawa a goshi na ce a'a, nan kam tsaya. Ta tsaya. Daddawa kuwa har na taho ba ta daina toshe hanci ba, ni ma ban daina sawa ba.

Ranar tahowa Mai Farin Zane ta karɓi yaron ta raɗa masa sunan a kunne, ta daɗe ba ta miƙo shi ba. Ba ni da abin ba ta, Bala ya tafi da komai. Sai na ɗauko ƙwallon daddawa guda da ya rage na miƙa mata. Ta kalle shi, ta kalle ni. Ta karɓa da gefen zane, hannu a miƙe can nesa da fuska, sannan ta daure ta kai shi goshinta.

Wannan shi ne fim ɗin da muka tsinto sunan a ciki.

Duk abin nan na zaunar da yaron na gaya masa ran Asabar, tun daga gada har darbejiya. Tambaya ɗaya ya yi, wai da yanzu Ajuji ne sunansa? Na ce ƙwarai, kuma da ka ga yadda yaran Kausani za su yi da kai. Na ce, "Sunan yankanka Ibrahim, ba mai ƙwace maka. Wancan kuwa mata uku ne suka yi faɗa a kansa kana cikin kwalba, ka ga dama ka riƙe, ka ga dama ka yar. Amma in za ka yar, ka je ka gaya wa uwarka da bakinka, don ita ta zaɓa." Ya tashi ya fita. Asabe kuma na aika mata cewa ina nan zuwa, ta tanadi tabarma da ruwan sha, don maganar mai tsawo ce.

Cikin mutanen wancan lokaci, Mai Farin Zane ta rasu a shekarar cutar nan, wani maƙwabcinta ne ya gaya wa surukina ta waya. Addininta daban, ban san me zan roƙa mata ba, na dai wuni ban ci abinci ba. Ladan ban san labarinsa ba, in yana raye Allah ya saka masa, in ya rigaye mu Allah ya haskaka kabarinsa. Bala, in yana raye, ya sani ban yafe geron ba. Surukina yana nan yana koyarwa. Hajara tana nan, ta ƙara biyu a bayansa, duk suna tafiya da ƙafarsu. Ɗana Ajuji yana nan yana jan mota. Asabe tana nan, da bakinta. Ni ma ga ni.

Shi kuma jikan nawa, ɗazu da hantsi na hango shi a ƙofar gida yana gyara wa ƙanensa keke, yara cike da layi. Na ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji, na ce, "Jiwan!"

Bai ko waiga ya ga wa ke kallo ba. Ya ce, "Na'am, Iya, ina nan."